Matar da Ke Mutuwa Kowace Asabar

A Valparaíso, ƙarƙashin shagon wani mai gyaran takalma,
matakala goma sha bakwai, ta shida a karye,
nan nake kunna majigi tun gashina yana baƙi.
Sha biyun dare. Kujeru arba'in da uku.
In na buɗe gwangwanin fim sai ya buso tsami,
kamar bakin da ya shekara bai yi magana ba.

Su ne dai kullum:
Anselmo mai rigar ƙwarangwal,
tagwayen da suka haddace kowace kalma,
da ɗalibar nan mai rubutu cikin duhu.
Sun san inda zaren da ke riƙe da jemage zai fito,
suna jiran sa kamar albashi.
Dodon na roba ne, zif ɗinsa a fili a gadon baya,
in ya taka, bangon kwali sai ya yi rawa.
Dariya, tafi, wani ya yi haushin kare.

Daren nan wata tsohuwa ta sauko,
sanda a dama, jaka a hammata.
Ta ƙirga tsabar kuɗi ɗaya bayan ɗaya,
ta zauna a layi na biyu.

Minti na talatin da ɗaya,
budurwa cikin rigar barci ta kama marfin ƙofa.
Ɗaki ya ɗauka baki ɗaya: Kar ki shiga!
Ta shiga. Ta kurma ihu.
Baƙin jini ya gangaro mata daga wuya.

Sai fim ya maƙale.
Fuskar ta kumbura, ta narke daga tsakiya,
allo ya koma fari fat.

Na kunna fitila ina lalubar almakashi.
Tsohuwar ta ce, ko juyowa ba ta yi ba:
"Cakulan ne. Tururuwa har gida suka raka ni.
Sau tara na yi ihun, darakta na cin soyayyen kifi,
ya zaɓi na taran, wai nan na gaji da gaske.
Kuɗin mota ya ba ni, da alkawari.
Hortensia ma, sun cinye harafin farko.
Babana bai sake duban idona ba
sai da ya kwanta jinya."

Gugguru ya tsaya a bakuna.
Anselmo ya rufe haƙarƙarin rigarsa da hannu biyu.

"To, me ake jira?" in ji ta. "A liƙa mana.
Ban taɓa ganin ƙarshensa ba.
Suna gama kashe ni suka ce in tafi."

Na datse inda ya ƙone, hoto huɗu,
na haɗa baki da baki.
Ihun ya gajarta da ƙiftawar ido.
Da dodon ya faɗa teku, ƙafarsa ɗaya sanye da safa,
ita kaɗai ta yi dariya,
har da tari.

Guntun yana aljihuna har yau.
In na ɗaga shi saitin fitila,
a hoto na uku baki ne kawai ya rage,
a buɗe.