Ɗakin Busassun Ganye

Shekara goma sha tara makullin nan yana wuyana,
na ɗakin da jami'a ke adana busassun ganye,
kowanne kwance a takarda, sunansa a ƙasa,
kamar majinyata a gadon asibiti.

Ranar Alhamis suka shigo, ana tsakar jarrabawa.
Tankar yaƙi ta tsaya inda Nohemí ke gasa wainar masara,
ta take kaskon.
Dutsen San Salvador na kallo, bai ce uffan ba,
shi da ya iya aman wuta.

Aka fito da ɗalibai, hannu a ƙeya.
Evelio, wanda ke bina bashin alƙalami,
ya waiwayo sau ɗaya.
Har yau ban san abin da ya so faɗa ba.

Bayan wata huɗu suka aiko in zo in buɗe ƙofa,
ƙofar da tuni suka ɓalle.
Allo na nan da rabin lissafi,
a ƙarƙashinsa an jera sunayen masu gadin dare.
Madubin duba ƙwayar cuta, in ji mutane,
yana kasuwa kusa da masu tumatir,
kuɗinsa bai kai na kaza ba.

A tsakar ɗaki, murhu.
Ganyen da Dakta Arévalo ta hau tsauni ta tsinko
tun ba a haifi yaran nan ba,
da shi ake hura wutar wake.
Busasshe ne, dole ya ci da kyau.

Wani ɗan soja, takalmi ya fi ƙafarsa,
ya ja ni gefe, ya zaro wasiƙa daga hula:
"Baba, ka iya karatu?"
Uwarsa ce ta sa aka rubuto daga Morazán:
saniya ta haihu, damina ta yi albarka,
kada ya riƙa kwana da yunwa.
Ya ce in maimaita wajen saniyar.

Zan fita, ya tsamo takarda ɗaya daga bakin wuta,
gefenta ya babbake.
Ya ce, "Akwai wannan a bayan gidanmu,
ana dafa wa mai ciwon ciki."
Ya faɗi sunan da kakarsa ke kiran ganyen.
Ba mu da shi a rubuce.

Na laluba aljihu.
Alƙalamin Evelio ne ya zo hannu.
Na ce ya sake faɗa, a hankali.