Lambatun Mardiyya

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta abu guda sau biyu.
Da sassafe, a kasuwar Ɗan Magaji, a cikin waya:
kwandon tumatir kaza, buhun albasa kaza,
attaruhu ya hau, tattasai na nan inda ya kwana.
Da dare kuma, bayan isha'i,
in kwafe shi cikin babban littafin ƙungiya
da biro mai tsiyaya, ido na yaji.

Mardiyya, ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Kongo,
ta zo hutu ta same ni a kai.
Ta ce, "Kawu, ɗiban ruwa kake da gwangwani,
ga kogi, ga gona, ga gangare."
Na ce, "Ban iya yaren na'ura ba."
Ta ce, "Ni ma. Aikin lauya nake karantawa."

Ta buɗe kwamfuta a kan tabarma.
Akwati guda a hagu: inda nake rubutu.
Akwati guda a dama: rumbu, wai a gajimare yake.
Ta ja zare da ɗan yatsa daga wannan zuwa wancan.
"Idan sabon rubutu ya faɗo nan,
to a buɗe masa layi can."
Sharaɗi da jawabinsa,
kamar darasin nahawu a zauren Malam Barau.

Sai ta nuna wa kowa ɗakinsa:
suna wajen suna, farashi wajen farashi,
kwanan wata ya yi gardama, ya sa wata gaban rana,
ta juya shi.
Ta liƙa wani makulli mai haruffa kusan arba'in,
ta ce ko matarka kada ta gani.
Na ce matata ta ga abin da ya fi wannan.

"Gwada."
Na rubuta albasa. Na danna.
Na ƙirga har bakwai.
Ga albasata can a dama, ta zauna a layinta,
ba wanda ya ɗauke ta.

Mahaifina na tuna, manomin rani a bakin Galma.
Bai taɓa sa tulu a ka ba.
Sara ɗaya da fartanya, ya buɗe baki,
ruwa ya bi lambatu, fangali bayan fangali,
shi yana tsugune yana cin goro.

Mako uku ina kwanciya da wuri.

Ran Laraba yatsana ya zame.
Sifiri ɗaya ya ƙaru a gindin tumatir,
dubu ashirin ta koma dubu ɗari biyu,
lambatu ya ɗauka, bai ce uffan ba.
Kafin azahar Ɗanjuma na Shika ya kira,
murya na rawa, ya riga ya yi cinikin mota,
yana tambaya ko gobara aka yi a gonakin duniya.
Na ba shi haƙuri. Na biya rabin kuɗin man.

Da can, hannun dare shi ke kama ɓarnar hannun safe.
Ashe wahalar nan tana da ido.

Mardiyya ta yi dariya ta waya har da tari,
sannan ta sa akwati na uku a tsakiya, rariya:
in farashi ya ninka na jiya, a tsare shi,
a turo wa Kawu saƙo ya duba.

Littafin ƙungiya yana saman durowa yanzu,
jikata na danne furanni a cikinsa.
Ni kuwa nakan karanta sau biyu kafin in danna.
Jiya da yamma hadari ya haɗu a kan Kufena,
na tsaya ƙofar gida ina kallonsa,
na rasa ko ta wane gefe albasata take.