Zakunan Sidist Kilo

Zerihun, jiya na koma jami'a, ni da sandata.
Ƙofar tana nan, mai gadin ne ya sake.
Ya ce in nuna katin shaida,
na cire hula, ya ga furfura, ya kauce.

Ka tuna ɗakinmu na ƙarshen baranda?
Gado huɗu, mu shida, bargo uku,
sanyin Addis Ababa na shigowa ta tagar da Gashaw ya fasa
ran da yake gwada mana yadda ake ture azzalumi da hannu ɗaya.
Kwat guda gare mu ta fita kunya,
mai zuwa zance shi ke da ita ran nan.

Da tsakar dare zakunan keji kan yi ruri,
tsallaken titi kawai.
Ka ce: ku ji su, sun ƙoshi da nama,
wanda ya yi kiwon san ko romo bai gani ba.
Tolessa ya ce a'a, kewar daji ce.
Muka kwana musu a kan cikin zaki,
gari ya waye, lissafi ya kayar da mu duka.

A shagon Tewabech, kan tebur mai ɗingishi,
da gahawa kofi biyu da injera ta kwana,
muka raba gonakin ƙasar nan kaf,
muka sauke ministoci, muka naɗa juna,
alhali kuɗin zagaye na biyu ya gagare mu.
Tsohuwar na zana bashinmu a bango da gawayi,
tana cewa: in kun hau mulkin, ku fara da nan.

Hirut ke murza injin buga takardu a ɗakin wanki,
tawada har gwiwar hannu.
Gona ta mai noma ce, haka muka rubuta,
ni da ban san nauyin garma ba.
Sai da aka tura ni koyarwa a Wollo:
watan farko na kira suna arba'in, aka amsa,
watan takwas, sha ɗaya.
Na dawo muryata ta dushe.
Taka kuwa ta cika dandali, har tantabaru na tashi.

Ruwa muka roƙa, Zerihun,
ba mu tambayi ina zai bi ba.
Masu takalman ƙarfe suka ari bakinmu suka ci albasa,
da kalmominmu suka buga mana ƙofa.
Gashaw da Tolessa, masu bargo ɗaya,
suka rabu a kan layi guda cikin wata sanarwa,
har yau ban san wa ya nuna gidan wa ba,
kuma na daina son sani.
Hirut tana Rum, tana juya tsofaffi a gadon asibiti,
takan aiko kati duk sabuwar shekara, babu ko tabon tawada.

Kai kuma, ran da suka zo, kwat ɗin na jikinka.
Layina ne ranar.
Na yi maka mita tun safe.
Mahaifiyarka ta sayar da 'yan kunnenta kafin su ba ta kai,
ta kawo mini kwat a ninke, ta ce ta san ta haɗaka ce.

Jiya wata ɗaliba ta zauna kusa da ni a kan dakali,
waya a hannu, ta ce: Baba, ku ne na lokacin nan?
To, kun yi daidai?
Na buɗe baki, ni da na taɓa yin awa uku ina jawabi kan haraji,
sai na ce mata ana sanyi sosai a lokacin.

Na tsaya har magariba ko zan ji ruri,
ƙarar motoci ta hana.
Shagon Tewabech yanzu wayoyi ake gyarawa,
an shafe bangon da shuɗin fenti.
Na kai hannu daidai wurin.
Birr goma sha bakwai ne, Zerihun, da santim hamsin.
Na zo da su a aljihu.
Ban sami wanda zan ba ba.