Akawun Alhaji Sabi'u

Shekara goma sha tara ina riƙe da biro
a shagon Alhaji Sabi'u, cikin Kantin Kwari.
Na san kowace dila da ta shigo,
na san wadda ta fita da dare ba rasiɗi.

Garzali ya zo mana wata damina.
Bai iya ninke shadda ba, bai san yadi ba,
amma Allah ya ba shi dariya.
Kafin Alhaji ya kai ƙarshen zance
shi ya riga ya kai ƙasa, riƙe da ciki.
Ran da Alhaji ya sa hula a karkace, bisa kuskure,
kafin la'asar duk shagon an karkace.

Na ce, "Alhaji, bashin nan ya kai mana wuya."
Garzali ya ce, "Ranka ya daɗe,
yaushe aka fara auna kogi da ludayi?"
Aka miƙa masa mabuɗin sito.
Ni aka sayo mini sabon biro.

Da kakar zaɓe ta kama
sai ya rantse Fagge ba ta barci don kiran sunan Alhaji.
Aka buga fosta, aka goge furfura,
har uwargida ta tsaya tana tambayar wane ne.
Wakilai suka ci kaji, suka sha alwashi,
ni ina gefe ina rubuta kuɗin kajin.

Daren fid da gwani na raka shi gidan shugaban jam'iyya,
can Nasarawa, inda ko kare ke da mai gadi.
Na leƙa ta labule.
Alhajina, mai shago goma sha ɗaya,
durƙushe kan kafet, hula a hannu,
yana dariya tun ba a gama zancen ba.
Na san dariyar.
A shagonmu ya koye ta.

Tikiti ya tafi ga surukin shugaba,
yaron da ko mazabarsa sai an nuna masa.
Aka ce maslaha ce, aka tafa.
Washegari na hango Garzali a Kofar Mata
cikin motar surukin, gidan gaba,
hularsa ta koma ɗaya gefen.

Bayan isha'i Alhaji ya kira ni.
Sito wayam, sai ƙamshin atamfar da ta tafi.
Ya ce, "Inuwa, faɗa mini gaskiya, me ya rage?"

Littafin na hannuna, na san shafin.
Na tuna haya a Kurna,
da kuɗin makarantar Hansatu,
da shekara goma sha tara na biro.

Na buɗe baki,
sai na ji wani yana cewa da muryata,
"Ranka ya daɗe, ai kogi ba ya ƙafewa."