Rumbu a Hawa na Uku

Mai motar kwasar kaya ya ce kuɗinsa nauyi yake bi,
sai na tsaya a ɗakin girkinmu na Luton
ina raba shekara shida a ledoji.
Rabin buhun shinkafa na bar wa Maman Tasi'u,
jarkar manja ta sauka hawa na ƙasa,
waken da na tara tun kafin azumi
na kai masallaci, ban waiwaya ba.

Awa goma a hanya. Aberdeen.
Gari na dutse, launin toka har sama.
Na buɗe kabad na farko, na yi gyaran murya,
ya maimaita mini.
Na biyu, mataccen gizo-gizo da cokalin wani.
Na uku ban buɗe ba.
Daren nan burodi muka ci da ruwan bunu, a tsaye,
Sahura tana tambaya ko nan ma gida ne.

Albashi in ya shigo, layi yake tararwa:
haya a gaba, harajin gunduma na bin ta,
mitar wuta tana ci kamar gara,
ga takalmin Mudassir ya buɗe baki.
Abin da ke tsira fam bakwai ne a mako.
Na jefa shi a gwangwanin madara,
na ce masa, kai ne gonata bana.

Makon farko gishiri, man girki, taliya uku.
Na biyu tumatirin gwangwani guda huɗu,
na jera su nesa da juna
don katako ya ji kamar ya yi baƙi.
Na haddace lokacin da yarinyar kanti
ke manna takardar ragi mai ruwan ɗorawa.
Bakwai da rabi na dare,
ni da wani tsoho mai hular ulu
muna shawagi a kan kifi ɗaya,
shirwa biyu masu kunyar juna.

Shinkafa kuwa sai shagon Shafiq, bas biyu,
kilo goma a kafaɗa, bene babu na'urar hawa.
Kowace matakala suna nake sa mata:
wannan Litinin, wannan Talata,
wannan ranar da aiki zai ce a zauna gida.

Kuka da daddawa Balaraba ta aiko daga Manchester.
Ɗan gidan waya ya miƙo kwalin da yatsa biyu,
hancinsa yana duban teku.
Na rufe ƙofa, na tsugunna, na shaƙa
har sai da idona ya kawo ruwa.

Kifin gwangwani shida na ajiye, huɗu na tarar.
Lawwali ya ce shi bai san zancen ba,
ga mai yana ƙyalli a gemunsa.
To in ba ƙira, me ya ci gawayi?

Kakata Yalwa ba ta bari rumbu ya nuna gindinsa.
Takan ce hatsin ƙasa ba na ci ba ne,
na barci ne.
Sai a watan biyar na gane nufinta,
ranar da na kwanta ban yi lissafi da yatsu ba.

Janairu ya zo da iska daga teku,
ƙanƙara ta kulle hanya, bas suka kwanta.
Da magariba aka ƙwanƙwasa.
Moira ce ta ɗakin gaba, shekara tamanin da ɗoriya,
rigar sanyi biyu, kofi a hannu, babu komai ciki.
Ta fara dogon ban haƙuri, ban bari ta kai ƙarshe ba.

Na buɗe kabad na uku.
Shinkafa gwangwani biyu, wake, tumatir, ganyen shayi,
da kifi ɗaya cikin waɗanda suka tsira daga Lawwali.
Ta rungume su kamar jariri, ta tafi tana jan silifas.

Na tsaya ina kallon giɓin da suka bari.
Na yi gyaran murya.
Kabad bai ce komai ba,
bakinsa a cike yake.