Gwangwanin Labbo

Ni Arzika, albasa nake sayarwa a Jega,
ban san ƙasar kowa ba
sai da ƙodar Yaya Nomau ta ƙi aiki,
aka ce tawa ta dace da shi.
Muka sayar da fadama da buhu arba'in,
jirgi ya sauke mu Indiya.

Kwana tara ina jan ƙafa da ɗinki a kwiɓi.
A barandar asibiti akwai wata tsohuwa, Malati,
da lotsattsen kofin ƙarfe ɗaure a bakin zanenta.
Wani ɗalibi ɗan Yawuri ya yi mana tafinta.

Ta ce: A garinmu mai shayi kofi biyu gare shi.
Ɗaya na mutane.
Ɗaya a rataye kan ƙusa, can bayan rumfa,
na masu kwasar masai, da 'ya'yansu, da jikokin da ba a haifa ba.
Su ajiye kuɗi a ƙasa, kada hannu ya taɓa hannu.

Ta ce: Ni 'yar babban gida ce.
Ran da na sauke kofin nan na sha a idon kasuwa
ubana ya yi zaman makokina ina raye.
Mu bakwai muka fara, mata zalla,
rumfa-rumfa, shekara talatin da ɗoriya,
da kotu, da takarda, da jifa,
ta nuna mini tabon a goshi,
har yaransu da namu suka zauna benci ɗaya.
Ba a gama ba. Ƙusar tana nan a wasu bangaye.

Na yi murmushin wanda ya ƙoshi.
Na ce: Gaya mata mu can ba mu san wannan ba,
sahu ɗaya muke yi, kafaɗa da kafaɗa.
Ta daɗe tana kallona. Ta ce: Madalla.

Mun dawo da kaka, masai ya cika.
Labbo ya zo bayan isha'i, yadda ya saba,
da shebur, da bokiti, da fitila a goshi,
da ɗansa mai shekara sha biyu.
Tsakar dare ya yi gyaran murya: A taimaka da ruwa.
Sai ƙanena ya wuce moɗa,
ya miƙa hannu bayan katanga, wajen turken akuya,
ya ɗauko gwangwanin tumatir mai tsatsa a baki.
Ya tsiyaya daga sama. Ya ajiye a ƙasa.

Shekara ashirin gwangwanin nan yana gidanmu.
Na san shi kamar ƙofar ɗakina.
Ban taɓa ganinsa ba.

Ɗinkin kwiɓina ya motsa.
Na tsugunna, na ɗauka, na sha,
ruwa mai ɗanɗanon ƙarfe da ƙasa,
na miƙa masa moɗar gida.
Labbo ya ja da baya: Alhaji, kada ka ja mini magana.
Yaron ne ya karɓa.

Da safe labari ya riga ni kasuwa:
wai Indiyawa sun cire wa Arzika ƙoda, sun haɗa da hankali.
Yaya Nomau ya kira ni zaure, ya ce na zubar da gida.
Na ce: Yaya, leda huɗu ta jini aka ƙara maka can,
ka tambayi sana'ar uban mai shi?
Ya shafa cikinsa. Ya ce in tashi.

Ban kafa ƙungiya ba, ban san hanyar kotu ba.
Gwangwanin yana rumfata, tsakanin kwanduna,
da shi nake sha.
Wanda ya tambaya, in ba shi labari.
Wasu su zauna, wasu su ce in auna musu su tafi.

Jiya Labbo ya biyo da rana tsaka.
Ya tsaya bakin tabarma, ya daɗe,
sannan ya cire takalmi.