Niƙan Dare

Sau uku Tanimu ya zo ɗakin shan maganinmu na Kakuri,
hannu dafe da kunci kamar mai sauraron gulma.
Ya ce kunne. Na haska, kunne fes,
amma na ba shi na ɗigawa
don kada ya koma hannu rabbana.

Zuwa na biyu ya ce kai ne, nan gefe, tun asuba.
Na auna jini, na soki yatsa. Ba komai.
A na uku Lantana ta rako shi,
ta ce, "Sista, mutumin nan niƙa yake da dare,
gurus-gurus, kamar akuya ta samu busasshiyar masara.
Surukata ta ce tsutsa ce,
maƙwabciya ta ce mayu ke ci da bakinsa."
Na yi wa mayu dariya.
Na rubuta maganin tsutsa.

Shekara uku na yi ina karatun aikin nan.
Na san ƙashin cinya da sunansa na boko,
na karɓi haihuwa da fitilar waya,
amma gaɓar da nake cin tuwo da ita
rabin shafi aka ba ta,
ranar kuma ruwan sama ya tsare malamin a Kawo.

Wata Talata likitar haƙori ta leƙo mu,
Dakta Kuyet, 'yar siririya, takalminta duk taɓo.
Ko allura ba ta ɗauka ba.
Yatsa ta ɗora gaban kowane kunnensa, ta ce, "Buɗe."
Ƙas!
Ta kamo hannuna: "Ji da kanki."
Na ji muƙamuƙi ya goce, ya dawo,
kamar ƙyauren da ya gaji da ƙusarsa.
Haƙoran ciki sun shafe kamar tsohon kwabo.

"Baba, me kake taunawa in ka kwanta?"
Ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Masaƙa.
Tun da aka rufe ta kuɗin sallamata ke ciki.
Kullum ta ƙofarta nake wucewa, in haɗiye."

Ta ce a gasa da tsumma mai ɗumi,
a huta da rake da guringuntsi,
goron bayan isha'i a bar shi,
za ta auna masa robar kwana.
"Sauran," in ji ta, "sai a hankali, Baba."

Na tashi aiki ina jin kunyar takardar tsutsa.
Na lissafa kuɗin makarantar Binta a cikin bas,
na sake lissafawa a kan gadar kogi, bai cika ba.

Da assalatu na farka kuncina a sage,
gefen harshe da shatin haƙora.
Na zauna bakin katifa cikin duhu,
na ɗora yatsa gaban kowane kunne,
na ce wa kaina, buɗe.